Farin Ƙyallen Baba Jatau

Da an idar da sallar asuba, Baba Jatau kan buɗe rumfarsa da ke bayan tashar Kaura Namoda, ya share ƙasa, ya jera sifanu a kan buhu, sannan ya yage sabon farin ƙyalle ya rataya a kafaɗa. Shekara talatin da ɗoriya aikinsa ɗaya ne, haɗa bututun da ke kai fetur daga tanki zuwa inji. Bututun ƙarfe mara tsatsa kaɗai yake sawa. Ƙarfe ne mai taurin kai, in ka matsa masa da gaggawa bakinsa ya tsage, don haka a hankali yake buɗe bakin, ya shafa ɗan mai, ya fara ɗaura noti da yatsu kafin sifana ta taɓa shi. In ya gama sai a tada mota, ya bi kowace mahaɗa da ƙyallen, ya duba, ya shinshina. In ƙyallen bai fito a bushe ba, ko wane ne kai motarka ba ta fita.

Direbobi na yi masa tsiya, wai Baba mai hancin kyanwa. Kamalu, mai jigilar hatsi zuwa Zurmi, ya ce ya taɓa tsare shi tun hantsi har azahar saboda ɗigo ɗaya da ido ba ya gani. Da Kamalu ya fara faɗa, sai Baba ya nuna masa inda ɗigon ke sauka, daidai kan salansa mai zafi. Kamalu ya nemi benci ya zauna.

Ni kuwa na san mafarin ƙyallen nan, don ni ƙanwar Rufa'i direba ce. Wata Alhamis, shekara ashirin da biyu da suka wuce, yayana ya cika mota da 'yan kasuwar Shinkafi, sai bututu ya fara yoyo. Yayana ya matsa wa Jatau lamba, kasuwa za ta ci ba su. Jatau ya yi abin da kowa ke yi, ya liƙe wurin da sabulu, ya ɗaure da robar taya. Kafin su kai Shinkafi wuta ta kama. Kowa ya fita da rai, amma Yaya Rufa'i ya ƙone hannun dama wajen jawo wata tsohuwa, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Tun ranar bai sake taka rumfar ba. Jatau kuma bai sake taɓa sabulu a kan mota ba, in ya hango yayana a masallaci sai ya sauya sahu. Wallahi na daɗe ina jin haushinka, Baba. Ni na riƙa wanke ciwon nan.

Amma kai ne ka mai da kuskuren yini guda ya zama tsoron Allah na shekara ashirin da biyu. Kai ne ake zagi da safe saboda jinkiri, mutane su isa gida lafiya da yamma ba su ma san sunanka ba. Abu ɗaya kake nema ba ka iya roƙa, yafiyar Rufa'i, kuma duk tasha ta san haka.

Watan jiya Baba Jatau ya ce zai aje aiki. Ba wanda ya kore shi. Hancinsa ne ya daina jin warin fetur, ya ce ba ya sallamar mota a kan zato. Ranar ƙarshe Yaya Rufa'i ya ce in raka shi. Ya tsaya da tsohuwar motarsa a bakin rumfa, ya fito ya ce, "Baba, bututun motar ga nika so ka sake min."

Baba Jatau bai ɗaga kai ba. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya yi aikinsa yadda ya saba. Aka tada inji, ya bi mahaɗai da ƙyalle, ya kai hanci, sannan ya tuna. Ya miƙa wa yayana. "Kai za ka shinshina, Rufa'i. Nau hancin ya mutu."

Yaya ya karɓa da wannan ƙonannen hannun, ya shinshina, ya ce, "Bushe yake, Baba."

"Ka yafe min hannun ga."

"Haba Baba! Ni na matsa maka ranar nan. Kunyarka ta hana ni zuwa, ba hushi ba. Kai za ka yafe min."

Tsoho ya zauna a kan buhun sifanu ya rufe fuska da hula. Ni da na zo da sauran haushina, kuka na yi har Kamalu da ke tsaye gefe na min dariya, shi ma idonsa jajir.

Mun gode, Baba Jatau. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma makanikan Kaura da Zurmi da Shinkafi, don Allah ku bar wa masu wanki sabulu, ku nemi farin ƙyalle. Na Baba dai yana ɗaure a madubin motar yayana, ya hana ni wanke shi.