Tantani Ɗaya Ya Iso Kano

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaikai, ni da ƙannena biyu, mace da namiji, a kan babur ɗaya kamar buhunan gero. Ciwon gado ne da su. Likita ya ce jikinsu ba ya iya narkar da wani abu, sai ya riƙa taruwa a tantanin gaban ido har ya yi fari kamar an shafa kindirmo. Tun suna ƙanana ganin ke raguwa. An kira mu Kano za a yi musu dashen sabon tantani.

A Kankia muka sha koko da ƙosai, ƙosan da tsada ta mai da shi ƙwayar magani. Direban motar Kano ya rantse mutum ɗaya ya rage, muka zauna har rana ta yi zafi. Wajen Bichi gero ya fid da kai, ina ta ba su labarin abin da muke wucewa, ƙanwata na cewa in rage gishiri, ta kusa fara kama ni.

Muka isa asibiti. Tantani ɗaya ne ya iso, don sai wani ya yi wasiyya da nasa kafin ya rasu ake samu, kuma ba wanda ya san ranar zuwan wani. Likita ya ce duk wanda aka yi wa a cikinsu zai dace.

"A yi mata," in ji ƙanena. "Ni na haddace hanyar gona da ta masallaci. Ita ko kullum sai murhu ya ƙone ta."

Aka yi, ta fara gani dishi-dishi. Muka bar ta wurin goggonmu da ke Kano saboda ɗigon magani da komawa asibiti, mu biyu muka juyo. A hanya tausayinsa ya cika ni.

A ƙofar gida, da ya ji Inna na yi mana sannu da zuwa, ya riƙo hannuna.

"Yaya, in 'yar'uwata ta dawo, ta duba mani Inna da kyau. Kai kullum sai ka ce tana nan yadda take."

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: ido biyu gare ni, amma na manta rabon da in tsaya in kalli mahaifiyata. Na ɗaga kai na dube ta. Furfura ta leƙo ta ƙarƙashin kallabi, kumatu sun faɗa, ban san yaushe ba.

Ban gaya masa ba.