Notin da Abatcha Ba Ya Ɗaurewa

Shagon Abatcha yana bayan tashar Kazaure, tsakanin mai faci da mai sayar da katin waya. Kakansa fataucin kanwa ya kawo shi daga Barno, babansa gyaran rediyo ya yi har idonsa ya gaza, shi kuma ya gaji teburin da ƙarfen narka dalma. Da rediyo ta daina ciyar da gida sai ya koma waya. Da masu gyaran waya suka cika layin sai ya koma kwamfuta. Ba shi da yawan magana. In ka kawo aiki ya duba ya ce "zai yi" ko "ba zai yi ba", sauran bayani ka nema wajen maƙwabta.

Abu ɗaya aka san shi da shi. 'Yan Babura masu shiga Nijar sukan kawo masa matattun laftof a buhu, wasu gilashi ya fashe, wasu ruwa ya shiga. Shi ba ruwansa da gangar jikin. Furosesa yake nema, ƙwaƙwalwar da ke ciki, wadda sau da yawa lafiyarta lau. Yakan ciro ta da iska mai zafi, ya ɗora ta a kan wani ɗan faifai da yake sarowa a Kano, sai ta zauna daram a gurbin kwamfutar tebur. A cikin laftof an takure ta saboda zafi da batir. A babban akwati mai babbar fanka kuwa, sai ya yi ta ƙara mata gudu kaɗan kaɗan har ta wuce inda kamfani ya tsayar da ita. Ga ta ba ta shan wuta, ƙaramar sola ma ta riƙe ta. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya sami injin da ba zai iya saye sabo ba.

Aibinta ɗaya. Furosesar tebur tana da murfin ƙarfe, ta laftof tsirara take, gilashi ne zalla. Don haka notunan fankar da ke danne ta, Abatcha yakan juya su har su taɓa, ya tsaya nan.

Ƙanwarsa Fanna tana aure a Roni. Ita ke ɗaukar bidiyon biki a cikin gida, wajen kamu da wuni, inda ba a barin namiji ya shiga da kyamara. A waya take haɗa aikinta, wayar kuma ta gaji. Sai ga babban biki ya faɗo mata, dangin ango daga Magarya, kuma sun ce da bidiyonsu za su koma ran Lahadi. In ta cika alkawari, gidajen Roni da Gwiwa sun zama nata. In ta saɓa, za a koma ɗauko masu ɗauka daga Kano kamar da. Abatcha ya haɗa mata inji, ya bar shi yana aiki cikin zafin azahar a ƙarƙashin kwano har ya gamsu, sannan mijinta Daudu ya ɗaure shi a bayan babur ya tafi.

Daudu bakanike ne, a gyaran babur ya yi furfura. Da ya isa gida ya buɗe akwatin ya ga ko hanya ta girgiza wani abu. Ya taɓa notunan fanka ya ji su sako-sako. A sana'arsa noti sako-sako shi ke kashe mutum a titi. Ya ɗauko sukundireba ya ɗaure su tamau, ɗaya bayan ɗaya, yana jin daɗin ya kama kuskuren babban wa. Aka kunna, fanka ta juya, allo baƙi ƙirin.

Ran Juma'a bayan masallaci suka iso shagon, Daudu rungume da akwatin, Fanna a bayansa.

"Ya Abatcha, injinka ko tari bai yi ba," in ji Daudu. "Kuma ka gode Allah na duba. Notunan nan duk a kwance ka bar su."

Abatcha ya ɗago kai. "Ka ɗaure?"

"Da kyau ma."

Abatcha ya kwance fankar, ya goge farin man da ke kai, ya juya furosesar wajen haske. Tsaga ta ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya miƙa wa Daudu.

"Wannan kan silindar babur ne?"

Daudu ya juya ta a tafin hannu. "To ai ba ka faɗa ba."

"Ban faɗa ba."

"Ku biyun nan za ku kashe ni," in ji Fanna. "Ɗaya ba ya magana, ɗaya ba ya tambaya. Yaya, jibi ne fa. Akwai wata?"

Babu. Buhun ƙarshe duk bai ba da mai rai ba, 'yan Babura kuma sai an kwana biyu. Irinta ɗaya ce a shagon, tana cikin injin da Abatcha yake aiki da shi, wanda da shi yake gyara saitin kowane bod, wato babban faifan cikin kwamfuta, da ya shigo hannunsa. Ya dubi injin. Ya kashe shi, ya zare wayar wuta.

Ya ciro furosesarsa ya ɗora a injin Fanna. Ya sauke mata gudun kaɗan, don ɗakin Fanna ba taga ta kirki. Da allo ya kawo haske, ya narka gam ya cika kan kowane noti, yadda bakin sukundireba ba zai sami wurin kamawa ba.

"Haba Yaya, har da gam?" in ji Daudu.

"Kai na yi wa."

Fanna ta tambaye shi da me zai yi aiki. Ya ce ta tafi rana na yi.

Ta miƙa bidiyon ran Lahadi da hantsi, motar Magarya tana lodi. Kafin azumi an kira ta biki a Gwiwa, daga nan Yankwashi. Abatcha kuwa akwatinsa ya zauna a buɗe a ƙarƙashin tebur. Waɗanda suka kawo aikin bod ya ce musu ba zai yi ba yanzu, wasu suka jira, wasu suka wuce Kano. Ya koma gyaran caja da fitilun sola, yana leƙa tasha duk sanda motar Babura ta tsaya.