Ranar da Citta Ta Daina Yi wa Malsun Yaji

Shekara talatin da ɗaya Pyo Malsun ta yi tana sayar da gasasshen naman shanu a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ruwan Mokpo, ba ta taɓa auna kayan haɗinta da cokali ba. Da asuba za ta kirɓa ɗanyar citta da tafarnuwa a turmi, ta soya riɗi har ya fara tsalle a kasko, ta zuba romon waken suya da man riɗi da zuma, ta dangwala yatsa ta lasa. Harshenta ne ke faɗa mata lokacin da za a jiƙa naman.

Wata safiyar Talata ta lasa ta ji kamar ruwan famfo. Ta ƙara citta, shiru. Ta gatsi guntun cittar ta tauna, hawaye na zuba, amma bakin bai ji komai ba. Mahaifiyarta ma da haka ta fara. Abinci ya daina yi mata daɗi, bayan shekara biyu aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarta, ta rasu ba ta gane 'ya'yanta ba.

Malsun ba ta faɗa wa kowa ba. Kwana tara tana haɗi da ka, gabanta na faɗuwa duk lokacin da mai ci ya kai loma baki. Ran na goma Yeom direban tasi, wanda ya shekara ashirin yana cin abincinta, ya ajiye tsinkayen cin abincinsa.

"Inna, yau teku kika juye mana a nama? Ko so kike hawan jinina ya ƙarasa ni?"

Shago ya ɗauki dariya. Ita kuwa ta shige madafa ta durƙusa bayan buhun shinkafa. A nan mijinta Panseok, tsohon ma'aikacin jirgin fito, ya same ta.

"Uwar Okhui, lafiya? Don maganar wancan mai surutun?"

"Baban Okhui, ciwon mahaifiyata ne ya zo mini. Ba na jin ɗanɗanon komai."

Tsohon ya cire mata gyauton aiki da hannunsa. "Kwana nawa?"

"Goma."

"Goma! Kina kwana kusa da ni da wannan a ciki? Tashi."

A asibiti aka tura ta cikin injin hoton kai. Ta runtse ido, ƙarar na dukan kunnenta, tana kiran sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya don ta tabbatar ba su ɓace mata ba. Sai da suka jira sakamako kwana huɗu, ba ta iya haɗiye ko ruwan shinkafa. Likita ta ce babu ƙari, sabon maganin hawan jininta ne ya jawo, za a canza.

Bayan wata biyu yajin citta ya dawo, gishiri ma haka, amma ƙamshin riɗi bai dawo ba har yau. Yanzu Panseok ne ke tsayawa bakin kasko yana shinshinawa.

"Ya yi, sauke!"

"Kai da hancinka ya mutu da warin man jirgi? Ƙara shinshinawa."

Ya ƙara, ya rantse, sannan ta sauke.