Lugude da Injin Burtsatse

Shekarar da nake faɗi, an yanke mana jiha daga Kano da damina biyu ko uku, lokacin da mai ya yi wuya har motocin Maigatari suke kwana a layi. Ni dai da rasuwar maigidana nake lissafi: ranin da ya biyo bayan fitata takaba ne.

Ƙauyenmu yana wajen Sule Tankarkar, gidanmu ne na ƙarshe ta gabas, daga shi sai gona. A da ni da facalata, matar ƙanen mijina, a turmi ɗaya muke daka, kuma in muka kama lugude mai wucewa sai ya rage sauri. Ba yabon kai ba, ba a yi biyunmu a garin ba. Mijinta ya ɗauke ta suka koma Maigatari, 'ya'yana mata suka tafi ɗakunansu, sai ya rage daga ni sai awaki. In na buga taɓarya sai in saurara, ba mai amsawa.

Rijiyar garin tana can yamma, zurfinta har jaki ke jan guga. Gwiwata ta fara ciwo, tulu ya fara fin ƙarfina. Babban ɗana, da yake aikin gwamnati a Gumel, ya zo ya durƙusa a bakin ɗaki.

"Inna, ki haɗa kaya. Ba za a ce uwata tana roƙon ruwa ba."

"Wa ya ce maka roƙo nake? Kawo mini ake yi. An ce za a haƙa burtsatse a bayan gidan nan. In ruwa ya fito, ba inda za ni."

"In bai fito kafin damina ba fa?"

"Sai ka kawo mota."

A kan haka muka rabu. Ni kuwa ɗakin nan, a cikinsa na yi dukan haihuwata, da hannuna nake masa yaɓe duk shekara.

Injin ya zo a bayan babbar mota, da dogon wuya kamar raƙumi. Igiyar waya ce ta hau har ƙoli ta sauko, a bakinta an ɗaure wani ƙarfe da maza goma ba za su ɗaga ba. Injin zai yi gurnani ya ja ƙarfen sama, sai a sake shi ya faɗo da nauyinsa cikin rami. Dum! Har kwanukana suna motsi. Ranar farko na tsine masa. Washegari ina surfe, sai na ji hannuna ya bi shi da kansa: shi ya buga, ni in buga a tsakani, har da tafi. Ban farga ba sai da geron ya surfu, na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a tsakar gida.

Mai injin wani baƙin dogo ne daga can wajen Jos, Kirista, Hausarsa a karye amma da ladabi. Na dama fura na kai masa.

"Mama, ke ce kike amsa mini ta bayan danga?"

"Ni ce. Jiya ka yi gaggawa, ka sa na zubar da gero."

"Ki yi haƙuri, yashi na samu, shi ya ruɗe ni."

Na tsaya ina kallonsa. Hannunsa a kan wani ƙarfe kamar muciya, ƙafarsa a kan birki. Na ce me ya sa ba ya barin injin ya danna ƙarfen ƙasa da ƙarfinsa.

"Nauyinsa ya ishe shi, Mama. Ni ɗagawa ce tawa, da saki. Yana taɓa ƙasa sai in taka birki. In na taka da wuri, ya fizgi waya. In na makara, waya ta yi sako-sako ta cukuikuye."

"To ai taɓarya ce. Amarya ce ke danna taɓarya, ta kwana da ciwon kafaɗa."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce amma bututun da ake zurawa cikin ramin ba a sakinsa haka, da birki ake sauke shi sannu, kamar ana kwantar da jariri. Ya ce matarsa da 'ya'yansa suna gida, rabonsa da su tun kaka. Na ƙara masa fura.

Daga nan in ya tayar da inji da safe, sai ya saki ƙarfen sau ɗaya ya dakata, har sai ya ji taɓaryata. Na daka nawa, na karɓo na maƙwabta na daka musu, su suna zaton alheri ne. Lahadi ce ba na so. Yakan tafi coci a Gumel, garin ya yi tsit, in zauna ina jin tuƙar awaki.

Wata safiya ƙarfen ya faɗi ba a jira ni ba. Na shiga tsakani, ya tare ni. Na sake, ya bar ni a baya. Na ajiye taɓarya, don na san ba ƙafar mai injin ba ce. Ashe zazzaɓi ya kayar da shi an kai shi asibiti, aka ɗora wani a kan injin don kada aiki ya tsaya. Kafin azahar na ji wata ƙara kamar an tsula bulala, daga nan shiru. Waya ta tsinke, ƙarfen ya zauna a ƙasan rami. Aka ce sai an kawo ƙugiya daga Kano.

Na jira. Kullum sai na leƙa ta danga in ga wuyan injin a tsaye, tsuntsaye sun mai da shi wurin hutu. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ɗana ya kawo mota, ni kuma ba a taɓa kama ni da magana biyu ba. Na sa aka ɗora turmina, ya ce, "Inna, a Gumel inji ake kai niƙa." Na ce a ɗora.

Bayan an yi shuka labari ya iske ni: mai injin ya warke, ya ciro ƙarfen, ruwa ya fito, mai daɗi kuwa. An ce ya zagayo ƙofar gida ya yi ta sallama. Na ce wa ɗana ya mai da ni. Ya sunkuyar da kai, ya ce ruwan sama ya riga ya ci rufin ɗakin, tunda ba wanda ya yi masa yaɓe. Ban sake tayar da maganar ba.

Facalata ta rasu a Maigatari, ban samu zuwa ba sai ranar sadakar uku. Mai garinmu na lokacin ya rasu, mai jakin da ke jan guga ma haka. Mai injin ban san inda Allah ya yi da shi ba. In yana raye ya yi furfura. A matan unguwarmu, saura ni da wata guda ɗaya a Gagarawa, ita ma an ce ba ta gane mutane.