Malam Sallau da Tsohuwar Motar Likita

Har zuwa ƙarshen damanar bara, duk wanda ya biyo ta bayan tashar Dogon Dutsi da hantsi zai tarar da Malam Sallau Direba a ƙofar gidansa, ya ɗage murfin wata koriyar Landiroba yana duba ruwa da mai. In ya gama sai ya tayar da ita, ya karkata kai yana sauraren injin, sannan ya kashe, ya bi fitilu da tsumma. Matarsa, Inna Salma, ta ce tun da suka yi aure ba ta taɓa ganin ya sha kunu da zafinsa ba.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu. Yaran da na koyar a lakwal, wato makarantar boko, sun san motar, wasu har hoto suke ɗauka a jikinta, amma kaɗan ne suka san aikin da ta yi. Ita ce motar gidan likita na garin Sukukutane, kuma Malam Sallau ya tuƙa ta shekara ashirin da shida. Lokacin babu wayar hannu, babu kabu-kabu. In haihuwa ta zo da gardama, ko maciji ya sari mutum a gona, sai a aiko mai doki, shi kuma ya tashi.

Hajiya Hindatu, ungozomar da suka yi aiki tare, ta ba ni labarin wata rana a tsakiyar damana. Sun ɗauko mace tana zubar da jini, suka tarar korama ta cika ta yanke hanya. Ya tuɓe riga, ya shiga ruwan da ƙafa har ƙirji yana taka ƙasa, ya gano inda take da tauri. Ya dawo ya kwance igiyar fankar injin don kada ta watsa ruwa.

"Na ce masa, Sallau, kashe mu za ka yi! Ya ce, Hajiya, in mun tsaya ita ce za ta mutu, ku dai riƙe ta da kyau."

Suka haye. Matar tana nan da ranta, har da jikoki.

Kai ne, Malam Sallau, wanda ba a rubuta sunansa a takardar haihuwar kowa ba, alhali rabin ƙauyukan nan da kai aka haife su.

Da motar ta gaji, aka jingine ta bayan katangar likita. Kaji suka riƙa yin ƙwai a kujerunta. Shekarar da ya yi ritaya aka sa ta a gwanjo a matsayin tsohon ƙarfe, ya saya, ya sa tarakta ta jawo masa ita har gida. Mun yi masa dariya, ni ma ina ciki. Shekara takwas yana fama. Ya je kasuwar Katako a Yamai, ya je Ƙonni, ya tsallaka Kamba saboda wani ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Abin da bai samu ba ya kai wa maƙeri ya ƙera. Ranar da ta tashi, Inna Salma ta rangaɗa guɗa har muka fito muna zaton wata ce ta haihu.

Daga nan duk wanda rashin lafiya ta kama a unguwarmu, ƙofarsa ake bugawa, kuma bai taɓa karɓar ko dala ba.

Bara, ranar kasuwar Kore Mairuwa, yana tafe da 'yarsa Bushira da rana tsaka, sai amalanken jaki cike da mata ya fito daga gefen hanya. Ihun Bushira ne ya sa ya taka birki. Tazarar da ta rage ba ta kai kamu ɗaya ba. Ya daɗe riƙe da sitiyari.

"Ɗiyata, ban gan su ba. Wallahi ban gan su ba."

Bai ƙara matsar da motar ba, wani direba aka samo ya maido su gida. Likitan ido ya ce ganinsa na gefe ya tafi, sauran ma bin sa zai yi a hankali. Sati bai zagayo ba ya ce zai sayar da ita.

Dattawan Sukukutane suka zo takanas, suka ce a sayar musu, ta koma aikinta na da. Ya ƙi. Suka tashi ransu a ɓace, magana ta bazu cewa Sallau ya tsufa ya koyi son kuɗi. Ni kaina na je na same shi.

"Malam, mi ya sa? Mutanenka ne fa."

"Don mutanena ne," in ji shi. "Wagga mota ta haura shekara arba'in. Ni kaɗai na san inda take ciwo. Ranar da za ta tsaya cikin rairayi da mai naƙuda a baya, wa zai tashe ta? Ina sonta, amma ba zan ɗora mata ran kowa ba bayan ni."

Wani ɗan kasuwa daga Yamai, Alhaji Abdulmalik, mai sha'awar tsofaffin motoci, shi ya saya. Ina wurin. Malam Sallau ya zagaya da shi yana nuna masa inda aka yi walda, da giyar da ke zamewa a gangare, da ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa. Alhajin ya yi dariya ya ce, "Baba, sayar mini kake ko korata kake?" Kuɗin da aka ba Malam Sallau, ya haɗa ya sayi sabon babur mai ƙafa uku, aka yi masa gado da rumfa a baya, ya aika wa gidan likitan Sukukutane. Dattawan nan da suka yi fushi su ne suka dawo da rago, ya ce a yanka a raba wa unguwa.

Ranar da aka zo ɗaukar motar, ya roƙi Rabilu, direban Alhaji, ya rage masa hanya zuwa bakin gari. Na shiga baya. Malam Sallau ya nufi ƙofar direba kamar kullum, ya tsaya, ya zagaya ya shiga ɗaya gefen. Muka bi kwalta a hankali. Ya jingina kai da taga. Da muka zo daidai dutsen da garin ya ci sunansa, sai ya ce:

"Rabilu, rage gudu. Duk shekarun ga ina bin hanyar ga, ban taɓa kallon gefenta ba. Bari in kalla tun ina iya gani."

Mun gode, Malam Sallau, Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka sauran ganinka. Ku kuma masu riƙe da sitiyari yau, ku koyi tuƙi irin nasa, ku koyi sauka irin tasa. In kun biyo ta bayan tasha, yana nan zaune a ƙofar gida. Ku tsaya ku gaishe shi, ku faɗi sunanku da ƙarfi.