Zaman Tsohuwa

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Habu, wanda duk unguwarmu, Kilomita Biyar, ta sani da Habu Mai-Fitila. Kowace shekara idan watan ya kama nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. Ranar Asabar da ta wuce na aurar da 'yata Zulai, kuma tun da aka sa rana hankalina bai kwanta ba.

Sana'ar Yaya ita ce ƙawata wurin biki. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: buhun wayoyi, ƙwayayen fitila masu ruwan ɗorawa, da 'yan yadudduka da yake sarowa a Titin Koudoukou. Amma yana da wata ɗabi'a. Idan ya gama rataye komai, sai ya shimfiɗa tabarma a kusurwar da tsofaffin mata ke zama, ya miƙe ƙafa, ya ƙanƙance ido yana duban kujerar amarya. In haske ya soke masa ido, ko fuskar kujerar ta yi duhu, ya tashi ya sake hawa tsani. Shi ya raɗa wa abin suna zaman tsohuwa. Mun sha yi masa dariya, ƙato da gemu ya baje kamar mai jiran rabon goro. Yakan ce mai rataya fitila a tsaye yake aiki, amma waɗanda suka fi kowa son ganin amarya a ƙasa suke zaune.

Yanzu biki ya koma zauren haya. Da la'asar ake farawa don a watse da wuri, amma sai a toshe tagogi da baƙin labule, a saki fitilu shuɗi da ja suna ta juyi, ga injin hayaƙi yana huci. Ba na ƙin zamani, riga ce, kowa da tasa. Na ma san da Yaya na nan da shi zai fara sayen waɗannan fitilun, don ba sa zafi kuma ba sa shan man inji, shi kuwa mayen sabon abu ne. Abin da ban sani ba shi ne ko zai yarda a haska bango a bar fuska.

Bara na kai Inna, mahaifiyarmu, bikin ɗan ƙanwata a irin wannan zauren. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta zauna daga farko har ƙarshe, da muka fito sai ta tambaye ni wace ce amaryar a cikinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tun ranar tambayar take ci na. Zulai a hannun Inna ta tashi. Ta yaya za a aurar da ita, tsohuwa tana zaune a wurin, ba ta gan ta ba?

Zulai kuwa ta kafe sai mai adon da ya yi na bara, wani Idirisa, domin aikinsa na fita a hoto. Muka yi ta sa-in-sa, ni da Hausa ita da Sango, yaren garin nan. Har ta ce fitilun kawunta na masu tsire ne. Na yi fushi, na kuma yi dariya a ɓoye, don akwai ƙamshin gaskiya. Sau biyu ina hawa babur zuwa zauren da ke unguwar Yakité, in isa ƙofa in juyo. Me zan ce wa mutumin? Ni mai sayar da atamfa ce, ban san kan waya ba.

Ranar Juma'a na naɗe tabarmar Yaya na tafi. Na tarar Idirisa ya gama aiki, ya tare ni da wayarsa yana nuna mini hotuna. Na shimfiɗa tabarmar a kusurwa.

"Zauna nan," na ce masa.

"A ƙasa, Tanti?" Ya dubi farin wandonsa.

"A nan kakar amarya za ta zauna. Ka sa a kunna, ka gaya mini abin da ka gani."

Ya zauna don kunyata kawai. Da aka kunna, fitila mai juyi ta dalle masa ido har ya kare da hannu. Na je na zauna a kujerar amarya. Duk hasken a bayana yake, sai ya ce inuwa kawai yake gani da ɗaurin ɗankwali. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma ban faɗa masa ba, don na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya tashi ya karkatar da masu juyin zuwa filin rawa, ya sauko da fitila ɗaya mai laushin haske gaban kujerar. Sau uku yana komawa kan tabarmar ba tare da na sa shi ba.

Ranar biki ban ci ba ban sha ba, idona na kan Inna. Aka shigo da Zulai, ta zauna, wata ƙawarta ta raɗa mata wani abu ta yi murmushi. Sai na ji Inna ta damƙe mini hannu.

"Ga wushiryar Habu can a bakinta," ta ce.

Rabon Inna da ta ambaci sunansa tun ranar da aka fita da gawarsa, don ɗan fari ne.

Wayoyinsa sun daɗe da tsatsa, ƙwayayen sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ko hoton kirki na aikinsa ba mu da shi. Da aka watse na je naɗe tabarmar, sai Idirisa ya roƙe ni in bar masa, wai yana da wani biki ranar Lahadi. Na bar masa. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya.