Giwar Bakin Ƙofa

Sau ɗaya tak mahaifinmu ya taɓa kai mu gidan wasan yara na cikin Kano, ni da yayata, kuma ko awa guda ba mu cika ba.

Washegarin ƙaramar salla ne, a shekarar da salla ta faɗo bakin damina. Kowa a ƙauyenmu na gefen Tofa ya gama sharar gona, an zuba wa sama ido. Baba ya ce tunda zaman jira ake yi, mu sa kayan sallarmu.

Har yau ina iya zana wurin. A bakin ƙofa akwai giwar siminti, ruwa na fita ta hancinta. Ciki darbejiya ce a jere, mutane sun shimfiɗa tabarmi suna cin abincin da suka zo da shi. Ga dawakan katako masu zagayawa, fentin wuyansu ya koɗe saboda riƙon yara. Can ƙarshe kuma ga ƙaton lilo kamar wilin keke, mai kujeru, yana ɗaga mutane sama yana sauko da su.

Shi muka fara hawa. Da muka kai ƙololuwa na ƙanƙame hannun Yaya ina salati. Baba kuwa ko birnin bai kalla ba. Ya kare goshi da tafin hannu, ya ƙura wa sama ido.

"Kai! Hadarin nan garinmu ya nufa," in ji shi. "Ga sungumina ko ƙota babu."

Ya leƙa ƙasa ya ƙwala wa mai injin kira, "Malam, sauke mu, shuka gare ni!"

Mutane suka kwashe da dariya. Ni kuwa kuka na yi har tasha, saboda dawakan da ban hau ba. Baba ya ce da kaka za mu dawo. Ruwa ya sauka, muka yi shuka da sassafe, gero ya yi kyau, amma komawa ba ta yiwu ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ya rage mana shi ne giwar. Ni na ce shuɗiya ce, Yaya ta ce koriya. Sama da shekara arba'in muna wannan musu. Ko bikin suna na je gidanta, tana miƙo mini fura sai ta ce, "Ƙanena, har yanzu idon naka bai warke ba?" Ni kuma gadon taurin kai, sai in ce ranar da muka koma wurin za ta ji kunya. Kullum ranar sai bayan girbi.

Bara da damina Yaya ta rasu. Da aka kai amfani gida na hau bas ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba.

Da ƙyar na gane wurin. An sare darbejiyun, an malale ƙasa da siminti, shaguna sun zagaye ko'ina. Lilon babu shi. Yara sun duƙufa kan injunan wasa masu ƙyalli a wani ɗaki mai sanyi, suna dariya kamar yadda muka yi, don haka ba na ganin laifin kowa. Sai dai na ji kaɗaicin da ban ji ba ko ranar jana'izarta. Duk wanda ke wurin yana da wanda zai taɓa ya ce masa duba can.

Matar da ke sayar da tikiti ta ga na daɗe a tsaye.

"Baba, jika ne ya ɓace maka?"

"A'a, 'yata. Giwa nake nema. A nan take tsaye."

Ta dubi inda na nuna, babu komai sai kwandon shara.

"Na daɗe a nan, wallahi ban taɓa jin labarinta ba. Wace kala ce?"

Amsar da na shekara arba'in ina bayarwa tana kan harshena, kuma duk duniya babu sauran mai ƙaryata ni.

"Koriya ce," na ce mata.